Karan da Inna Ta Yanke

Motoci biyu Sodangi ya ware masa a gindin dalbejiya, daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Duka 'yan Kwatano ne, duka masu aiki da fetur da batir. Ɗaya doguwa ce, baƙa, mai but. Ɗayar guntuwa ce, ruwan toka, wadda ƙofar bayanta ke ɗagawa sama ɗungurungum har da gilashin.

Abdulhamid ya zagaya su. Tun da ya dawo daga karatu yake koyarwa a garin, kuma bai taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba.

"Lakcara, kada ka wahal da kanka," in ji Sodangi, dillalin. "Baƙar ga ita ad daidai da kai. In ka hito cikinta ko ɗan sanda sai ya sara maka. Waccan kau, Allah na tuba, awa kazar da anka hige ma wutsiya."

"Wacce ta fi shan mai?"

"Sha? Waɗanga ba su shan mai. Sunsunawa sukai su wuce."

Rahama, matarsa, ta riga ta zaɓi baƙar tun daga hoton waya. Hujjarta ba ta banza ba ce. But yana rufe kaya, kuma a hanyoyin nan wanda bai ga abin da ka ɗauko ba bai cika sa maka ido ba.

Amma ba don Rahama zai sayi motar ba. Mahaifiyarsa, Inna Mairama, tana ƙauyensu Katuru, cikinta yana kumbura tun damina. Likitan Shinkafi ya ce sai Gusau, kuma kada a ja lokaci. Ba ta iya zama a kan babur yanzu. An kawo mata motar haya har ƙofar gida, ta ƙi fitowa. Wani maƙwabci ya ba da tasa kyauta, ta aika masa da godiya da ƙwaryar gyaɗa. Abdulhamid ya ɗauka cunkoson motar haya take gudu da kunyar abin mutane. Ya ce bari ya sayi tasa.

Ya karɓi makullin baƙar ya hau titi, Sodangi a gefensa. Motar ta tashi ba ƙara. Ba rugugin inji, ba girgiza, sai tayoyi a kan tsakuwa. A cikin wannan shirun ya ji abu daga baya. Ƙwas. Can kuma, ƙwas.

Ya taka birki.

"Jak ne, ba a ɗaure shi ba," in ji Sodangi.

Abdulhamid ya fita ya buɗe but ɗin. Jak ne kuwa. Amma ya daɗe a tsaye yana kallon ramin, baƙin kafet da warin roba mai zafi, har Sodangi ya leƙo ta taga ya ce ko ya ga maciji ne.

Ƙaninsa Mubashir, autan Inna, direban haya ne a hanyar Kaura zuwa Zurmi. 'Yan bindiga suka buɗe wa jerin motoci wuta, yana cikin waɗanda suka kwana a daji kafin a iya ɗauko su. Lokacin Abdulhamid yana wata ƙasa. A waya aka gaya masa an kawo shi gida, an yi masa sutura. Iyakar abin da ya sani ke nan, bai kuma taɓa neman ƙari ba.

Ya ce wa Sodangi zai yi shawara.

Ranar Asabar ya hau babur zuwa Katuru. An gama yankan dawa, karare jingine a jikin kowace danga. Ya tarar da Inna a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta tokare bayanta da bango. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe. Shi ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ya miƙa mata wayar da hotunan motocin biyu. Ta kalli baƙar, ta mayar masa.

"Kai dai ka sha wahala. Ba ni zuwa."

"Inna, tawa ce. Daga ni sai ke. Ba wanda zai matse ki."

"Na jiya."

"To mene ne?"

Ta gyara zaninta a kan cikin. Da ta soma magana muryarta ba ta canza ba, kamar mai ba da labarin farashin gero.

"Cikin irin wagga anka kawo Auta. Ba bisa kujera ba, can baya inda aka sa buhu. Naɗe awa tabarma, gwiwa ga ƙirji. Hakanan yas sandare. Malam Faruku da yay yi mai wanka ya yi, ya yi, da ruwan zahi da komi, ƙahwahun sunka ƙi miƙewa. Ina bayan zana ina ji. Da anka zo awo, mai kara ya rasa daga ina za ya auna. Ka je ka ga kabarinai ai."

Ya taɓa zuwa kuwa. Ya tuna ya ga tudun gajere ne, ya ɗauka ruwan sama ne ya cinye shi.

"Yaron da sai ya duƙa ya shiga ɗakin ga," in ji ta. "Kabarinai awa na ɗan yaye."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Kana nesa. Mi za ka yi da shi?"

Akuya ta shigo tsakar gidan, ta sunsuna turmi, ta fita.

"Ni tahiya ba ta dame ni ba," Inna ta ce. "Dawowa ta. In kwana ya ƙare a Gusau, wa za ya tsaya neman motar kirki? Abin da ag ga hannu shi aka sa mutum. Gara in mutu nan, miƙe."

"Likita ya ce aikin ba babba ba ne."

"Shi ma Auta cewa yay yi shina dawowa da la'asar."

Abdulhamid ya yi karatun injina, ya san nauyin da kowace ƙafar mota ke ɗauka. Wannan ba a koya masa ba.

Inna ta dafa bango ta miƙe. Ya yunƙura zai taimaka, ta ɗaga masa hannu. Ta taka a hankali zuwa danga, ta zaro karan dawa guda mai kauri, ta sa wuƙar yankan kuɓewa ta datse gindinsa, ta kankare ganyen. Sannan ta tsaya ta jingina shi a jikinta, ta ɗora yatsa daidai tsakiyar kanta, ta yanke a nan.

"Inna, ba a yi wa mai rai haka."

"Na sani. Na hi ka sani." Ta miƙa masa. "Ka tahi da shi. Motar da wanga ya kwanta cikinta miƙe, a ruhe ƙohwa bai karye ba, ita za ni shiga."

Ya ɗaure karan a gefen babur da roba. A Shinkafi ya tsaya shan mai wurin 'yan bumburutu. Wani dattijo da ke zaune a benci ya kalli karan, ya ga an datse shi sama da ƙasa, ya cire hannu daga aljihu.

"Inna lillahi. Wa munka rasa?"

"Ba kowa, Baba."

Dattijon bai yarda ba. Har Abdulhamid ya tayar da babur yana jin sa yana addu'a.

Washegari ya koma gindin dalbejiya. Sodangi na cin rake, ya hango shi da kara a hannu.

"A'a, Lakcara! An bar koyarwa an koma kiwon awaki?"

Ya matso yana dariya. Da ya ga bakin karan, dariyar ta tsaya. Ya tofar da raken.

"Na wa na?"

"Na Inna. Tana da rai. Buɗe mini but."

Sodangi ya buɗe. Abdulhamid ya sa karan a tsaye, rabinsa a waje. Ya juya shi a kwance, bai shiga ba. Ya karkata shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tokare.

"Kujerar baya tana kwanciya?"

"Ga wagga, a'a. Batir na nan bayanta."

Suka gwada a kan kujerar bayan. Karan ya kwanta, amma kansa ya leƙo waje kaɗan, ƙofa ba za ta rufu ba. Sodangi ya auna abin da ya yi saura da yatsunsa.

"Ɗan wanga na hwa. In anka rage yatsa ukku..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi Abdulhamid, ya dubi ƙasa, ya ce, "Astagfirullah. Bakin dillali."

Suka koma wurin guntuwar. Sodangi ya ɗaga ƙofar baya, ya ja wani maɓalli, kujerun suka kwanta suka zama shimfiɗa ɗaya. Ya tura kujerar gaba ta gefen fasinja kaɗan. Abdulhamid ya ajiye karan. Ya kwanta samɓal, da sauran wuri kamar tafin hannu a wajen kai. Ya sauke ƙofar a hankali har ta kama. Ya leƙa ta gilashi. Karan na nan lafiya.

Sodangi ya tsaya a gefensa, su biyu suna kallon kara ta gilashi.

"Ina tasha ran da anka kawo ƙanenka," ya ce. "Ba mugunta ta ba, Lakcara. Masu sauran numhwashi anka ba kujeru."

"Na gane."

"Kazar dai za ka ɗauka ke nan."

"Ita."

Da ya shiga da ita gida, Rahama ta fito tana goge hannu a zani. Ta tsaya.

"Malam, wannan ce? Ina baƙar?"

"Tana wurin Sodangi."

"Wannan ai duk abin da ka ɗauko sai an gani. Ko tumatir ka saya sai unguwa ta ƙirga."

Ta zagaya baya don ta nuna masa abin da take nufi, ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ita 'yar Galadi ce, ƙauye irin na Inna, ba sai an yi mata bayani ba.

"Ita ta yanke?"

"Da hannunta."

Rahama ta shiga ɗaki ta fito da matashi da tsohon zani. Matashin ta ajiye a kujerar gaba. Zanin ta yafa a kan karan.

"Kada yara su gani," ta ce. Ba ta sake maganar baƙar mota ba.

Ya isa Katuru da hantsi. Motar ta shiga gari a kan batir, ba sauti, awaki ma ba su kauce ba. Wata mata mai ɗauke da itace ta waiwayo ta gan ta dab da ita, ta yar da itacen ta ruga cikin wani gida. A garuruwan nan abin da ya zo shiru ba a jiran a ga ko mene ne. Abdulhamid ya danna hon sau biyu a gaban masallaci, ya sauke gilashi don a ga fuskarsa.

Inna ta fito da kanta, da lulluɓi da ƙullin kaya. Ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta wuce ta, ta zagaya baya. Ya ɗaga ƙofar, ya yaye zanin.

Ta kalli karan a kwance. Ta sa hannu ta shafa wurin da ya yi saura a wajen kai. Sannan ta zaro shi, ta kafa shi a ƙasa, ta jingina shi a jikinta, ta ɗora tafin hannu a kanta. Maƙwabta sun taru a nesa. Bakin karan ya taɓa hannunta, har ya ɗan wuce. Ta ƙara duƙawa a 'yan kwanakin nan.

"Ba ka rage ba," ta ce.

"Ban rage ba."

"Maishe shi. Ruhe in gani."

Ya mayar, ya rufe. Ta leƙa ta gilashi kamar yadda ya yi a wurin Sodangi. Sannan ta taka zuwa ƙofar gaba, ta yi bisimilla, ta zauna. Ya gyara mata matashin a bayanta.

Suka wuce Shinkafi. Ta riƙe ƙullin kayanta a cinya, tana kallon gonakin da aka girbe da waɗanda ba a noma ba bana. A shingayen jami'an tsaro ana leƙowa a ga tsohuwa, a ga zani a baya, a ɗaga musu hannu.

A Kaura, daidai inda hanyar Zurmi ta rabu, keke napep sun cunkushe titi. Ya rage gudu. Injin ya ɗauke da kansa, motar ta koma kan batir, shiru ya cika ta. Karan ya mirgina a ƙarƙashin zanin ya taɓa jikin ƙofa. Ƙwas. Ya mirgino ya koma. Ƙwas.

Abdulhamid ya kai hannu ga madubi don ya duba baya.

"Bar shi," in ji Inna. Ba ta waiwaya ba. Idonta na kan hanyar Zurmi, inda direbobi ke kiran fasinja, wani dogo a cikinsu ya duƙa yana cusa buhu a but. Ta bi shi da kallo har suka wuce.

Titi ya buɗe. Ya ɗauki hanyar Gusau, injin ya kama.

"Kai," ta ce.

"Na'am, Inna."

"In mun dawo ina zaune nan, ka ba ni shi in hura wuta."