Kunnen Mijin Yaya

Mijin Yaya ya ce duk garin nan babu mai kunne irin nasa. Ya faɗa ne yana goge madubin mota da bakin hannun rigarsa, bai ko ɗaga murya ba, kamar mai sanar da cewa yau Asabar. Ya ce sauran mutane da ƙafa suke sauraron waƙa, shi kuwa da ƙwaƙwalwa, shi ya sa duk ƙarshen shekara jama'a ke zuba ido su ga waƙoƙi goman da zai zaɓa.

Auta ta san jama'ar nan. Su arba'in da 'yan kai ne a shafinsa na intanet, ciki har da Yaya sau biyu, don ta taɓa mance lambar sirrinta ta buɗe sabo. Sauran yawancinsu abokan aikinsa ne na ofishin inshora, waɗanda suka laƙaba masa suna Alƙali. Shi ya ɗauka girmamawa ce, kuma babu wanda ya ga amfanin gyara masa.

"Hannu biyu za ki riƙe wayar," ya ce mata. "Kai tsaye za mu watsa bana. Kada ki yanke min goshi."

"Ranka ya daɗe, goshin ne ya fi wayar faɗi."

Bai ji ba, ko kuma ya ji ya bar shi a cikin abubuwan da kunnensa ya fi ƙarfinsu.

Suna fake ne a filin ajiye motoci na babban kanti. Yaya tana kujerar baya da jakar cefane a cinya, tana jira a gama shari'a a shiga sayayya. A baya take zama kullum, don Alƙali ya hana kowa kujerar gaba. Ya ce sauti ma yana buƙatar wurin zama, jikin mutum kuwa shanye shi yake yi kamar soso. Yau ne kawai aka ɗaga wa Auta ƙafa, saboda babu yadda za a ɗauki fuskar mutum daga ƙeyarsa.

Da son ranta ne, da ba ta zo ba. Tsakaninta da Yaya abubuwa sun yi tsami tun farkon shekara, lokacin da ta ari 'yan kunnen marigayiya Mama ta je walimar ƙawarta. Washegari Alƙali ya biyo ta shagon da take aikin buga takardu, ta sa 'yan kunnen a gwangwanin alewar minti, ta danƙa masa a hannu ya kai wa Yaya. Ba su isa ba. Da aka tambaye shi sai ya dafa ƙirji.

"Ni? Mutumin da ke tuna kiɗan da ya ji tun yana aji uku, shi zai mance gwangwani? Ba a ba ni komai ba."

Yaya ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da tuni an wuce wurin. Abin da ta yi shi ne ta daina aiken Auta ɗakinta ɗauko ko da tsinke, kuma duk ranar da Auta ta zo gidan, sai ta ji ƙarar makulli a jikin durowa kafin a fito a gaishe ta. Sunan Auta ma ya ɓace daga bakin Yaya, ya koma "ke".

"Mun fara?" in ji Alƙali. Ya gyara wuyan riga, ya sauya murya zuwa wadda yake ajiyewa don baƙi. "Masu sauraro na kusa da na nesa, barkanmu da sake haɗuwa."

Masu sauraro bakwai ne. Ɗaya daga ciki tana kujerar baya, tana kallonsa a waya alhali ga ƙeyarsa a gabanta.

Waƙa ta goma ita ce "Kar Ki Taka Min Farin Takalmi". Auta ta san ta, duk wata motar haya ta sa ta bana har ta gundure. Alƙali ya ce masu ƙaramin tunani sun ɗauka zancen takalmi ake yi, alhali mawaƙin yana magana ne a kan mutuncin ɗan Adam. Ta takwas, "Batirina Saura Kaɗan", ya ce tunatarwa ce a kan mutuwa. Ta biyar, wadda mawaƙiyar ba ta ce komai ba daga farko har ƙarshe sai "zo, zo, zo", ya ce a nan ake gane wanda ya ƙoshi da magana.

"Wadda nake so fa?" in ji Auta daga bayan waya. "Ta mai kukan an bar shi a tasha. Da ita nake buga takardu, injin ma har ya san ta."

"Wannan kiɗan masu gaggawa ne. Kuma mai ɗaukar hoto ba ya magana."

"Malam, kifi zai ƙare," in ji Yaya.

"Uwargida, fasaha ba ta san kifi ba."

Ya bi sauran da sauri-sauri, yana ba kowace waƙa ma'anar da mai ita zai yi mamaki in ya ji. Da ya iso ta ɗaya sai ya rufe ido, ya bar jama'a bakwai cikin zullumi. Ɗaya ya gaji ya fita.

"'Hawa Bakwai Ba Lif'," ya ce a hankali.

Auta ta kusa sakin wayar. Waƙar nan ba komai ba ce sai wani ƙato yana haki a kan ganga mai nauyi, kamar an sa shi hawa bene da ƙafa ɗauke da firji. Ko masu rawa sai sun ƙoshi suke taɓa ta.

"Na san za ku yi mamaki," in ji Alƙali. "To ku saurara. A ƙarƙashin gangar nan, can ƙasa, mai haɗa kiɗan ya ɓoye wani ɗan kacau-kacau. Siriri. Kamar ƙarfe yana raɗa wa ƙarfe magana. Na sa mutanen ofis sun saurara a wayoyinsu, babu wanda ya ji. Na rubuta wa mai haɗa kiɗan har sau biyu ina yaba masa, bai amsa ba. Ban ji haushi ba. Manyan masu fasaha ba sa son a tona musu asiri."

Ya danna, ya ƙure murya. Ganga ta buga, gilashin mota ya yi rawa, ƙaton ya fara hakinsa. Sai ga shi kuwa: kacau, kacau-kacau, kacau.

Auta ta ji shi da kunnenta. Abin ya ba ta haushi ƙwarai, don ba ta shirya wa ranar da mutumin nan zai yi gaskiya ba.

Hannunta ya fara sagewa. Ta ɗaga gwiwa ta tokare 'yar durowar gaban mota, ta ɗora gwiwar hannu a kai don wayar ta daina rawa. Kacau-kacau ya ɗauke ɗif.

Alƙali ya buɗe ido. Ya ɗan kalli rediyon. Sannan ya ɗaga yatsa sama.

"Kun ji? Ya janye shi. Wannan shi ake kira horon kunne. Ya ba ka, ya ƙwace, don ka san darajarsa."

"Da ma yana janyewa a nan?" in ji Auta.

"Waƙa irin wannan, kowane sauraro da ƙofar da take buɗe maka."

Auta ta sauke gwiwa. Kacau-kacau ya dawo. Ta mayar. Ya ɗauke. Ta kalli durowar, ta kalli gwiwarta. Ta san ƙarar nan. Ranar da ta rufe gwangwanin mintin, sai da ta kaɗa shi a kunnenta don ta tabbatar duka biyun suna ciki.

Tana iya miƙa hannu ta buɗe a lokacin. Ta tuna ƙarar makullin Yaya, ta tuna "ke", ta tuna hannun da aka dafa a ƙirji. Ta ga cewa wanda ya jira shekara guda, minti uku ba za su kashe shi ba.

"Ranka ya daɗe, don Allah a maido ta farko. Mu masu kunnen talakawa sai an maimaita mana."

Daɗi ya kama shi. "Kun gani? Ko dutse, in ruwa ya daɗe yana zuba." Ya maido ta.

A wannan karon Auta ce ta haɗa kiɗan. Ta bar kacau-kacau ya yi tafiyarsa, sannan ta danne shi ana tsakiyar baiti.

"Hawa na biyu ke nan," in ji Alƙali, ido a rufe. "Mutum ya tsaya ya huta. Shi ya sa aka yi shiru."

Ta sake shi sau ɗaya, kacau, ta danne.

"Wannan makullinsa ne ya faɗi. Kun ji yadda ya sa shi sau ɗaya tak? Wani da ya cika mana kunne."

Ta yi masa uku a jere, gajeru, sannan dogo.

"Allahu akbar," in ji Alƙali. Ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. "Jama'a, ni kaina yau na fara jin wannan. Mutumin nan ba a haife shi don zamaninmu ba."

Masu kallo sun koma goma sha ɗaya. Wani daga ofis ya rubuto cewa yau kam su ma suna ji. Alƙali ya leƙo ya karanta, ya ce ai zama da mai turare.

Yaya ba ta kallon waya yanzu. Ta leƙo ta tsakanin kujeru, tana bin gwiwar ƙanwarta da ido, sama, ƙasa, sama. Tun suna yara ta san cewa in fuskar yarinyar nan ta yi lumui kamar ta mai jiran layin asibiti, to akwai abin da take aikatawa daga wuya zuwa ƙasa.

"Auta," ta ce. "Me ƙafarki take yi?"

Auta ta ji sunan ya sauka mata a ƙirji. Ba ta juya ba, don kada fuskarta ta lalace.

"Kiɗa nake taya shi, Yaya."

"Buɗe wurin nan."

"A'a, a'a," in ji Alƙali. "Ba a taɓa nan. Takardun mota ne kawai, kuma marfin yana da gardama. Muna kai tsaye fa, Uwargida."

"Ai shi ya sa. Buɗe."

Marfin yana da gardama da gaske. Sai da Auta ta buge shi da tafin hannu ya faɗo. Takardun mota suka zubo, da cajar da ta mutu, da tabarau mai ƙafa ɗaya, da rasit ɗin wankin mota tuli. Can ƙurya, a jingine da bangon durowar, ga gwangwanin minti.

Ta ɗauko shi da yatsa biyu. Ta kawo shi gaban wayar yadda kowa zai gani, ta kaɗa.

Kacau-kacau.

Ta miƙa shi baya. Yaya ta buɗe, ta zazzage a tafin hannunta. 'Yan kunnen Mama ne, masu 'yan ƙananan ganye uku-uku suna lilo, ɗaya da ɗan lanƙwasar da ya yi tun ranar da Mama ta kwana da shi. Yaya ta daɗe tana kallonsu. A rediyo ƙaton yana ta haki a kan ganga, shi kaɗai, babu mai raɗa masa komai.

"Wato," in ji Alƙali. Ya gyara murya. "Wato abin da ya kamata a fahimta shi ne, ita fasaha, wani lokaci muhalli ne yake..."

"Malam," in ji Yaya, "wa ya sa wannan a motarka?"

"Abin da nake ƙoƙarin bincikawa ke nan."

"Kujerar da ba ka bari kowa ya zauna?"

Ya duba wayar, wataƙila yana neman ceto. Masu kallo sun kai ashirin da shida, adadin da bai taɓa samu ba, kuma wani ya rubuto yana tambaya ko gwangwanin zai fitar da sabuwar waƙa baɗi.

"Kashe," ya ce wa Auta ƙasa-ƙasa.

"Mai ɗaukar hoto ba ya jin magana, ranka ya daɗe. Hannu biyu aka ce in riƙe."

Yaya ta matso. Ta kama kunnen Auta na dama, ba a hankali ba, irin kamun da take mata in za ta yi mata kitso suna yara, ta zura ɗaya. Ta juya mata kai ta zura ɗayan.

"Ki riƙe su wurinki," ta ce. "Ni na gaji da kulle durowa." Sannan ta koma ta jingina, ta rungume jakar cefanenta. "Malam, sa mana ta ɗayan nan daga farko. Kifi ya jira."

Babu yadda zai yi. Ya danna. Su uku suka zauna suka saurari ƙato yana hawa bene tun daga ƙasa har hawa na bakwai, ganga tana dukan gilashi, durowa a buɗe tana hamma. Alƙali ya karkata kai wajen rediyo, ya rufe ido, yana jira.

Wajen hawa na biyar Auta ta ɗan kaɗa kai, don gaskiya gangar ba ta da laifi. 'Yan kunnen Mama suka yi 'yar ƙararsu, siririya, dab da kafaɗarsa. Yaya ta ji daga baya, ta danne dariya da jakar cefane.

Shi bai ji ba.