Jakar Baba Oyediran

Wani dare na ji ƙara kamar ana girgiza gorar ruwa a hankali, culuk, culuk. A gidanmu na tsofaffi a Ogbomosho babu mai gora. Na ce ko rijiyar tsakar gida ce ta shigo neman wani, na koma barci.

Da safe na gane. Baba Oyediran ne, maƙwabcin gadona, wanda ya shekara hamsin yana kiɗan kalangu. Tun da aka sa masa robar fitsari, jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ba ta zama inda aka ajiye ta. Ya ɗaura mata igiya, ya rataya a kafaɗa, ya matse ta a hammata cikin babbar riga, yana yawo da ita.

"Akanbi, in ka faɗa wa yarinyar nan nas, ba ni ba kai," in ji shi.

"Jikinka kamar murhu. Tuwon amalar jiya ma ba ka taɓa ba," na ce.

"Kai likita ne? Aji uku ka yi."

Aji huɗu na yi. Kuma na san ruwa gangara yake yi, abin da ke hammata zai koma inda ya fito. Wancan watan irin wannan zazzaɓin ya kai shi asibiti, da ƙyar ya dawo.

Da nas Morenike ta shigo da magani, na nuna mata hammatarsa da haɓa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ɗaga rigar. "Baba, kiɗa kuke yi mana ban sani ba?"

"'Yata, in tana ƙasa bina take kamar akuya. Ga mutanen coci suna zuwa."

"Ba za su gani ba."

Ta wanke hannu da sabulu, ta sa safar hannu, ta miƙe robar inda ta lanƙwashe. Fitsarin ya yi duhu, yana wari. Ta goge mahaɗin, ta sa sabuwar jaka ƙarama, ta ɗaure a ƙwaurinsa cikin wando.

"Kullum ƙasa da mara, kuma kada ta taɓa daɓe. Ku riƙa shan ruwa. Yanzu zan kira likita."

Kwana biyar zazzaɓin ya sauka, ba a je asibiti ba. Har yau Oyediran bai kalli wajena ba.

Ranar Lahadi muna zaune a gindin mangwaro, Baba Fatoki na ɗakin kusa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wai wa ya tona wa Oyediran asiri ne?"