Baƙin Gilashi a Kantin Kayan Wuta

Tun ranar da aka ɗauke mata tukunyar gas, Mai Tafireta ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Ta shiga kicin ta tsaya gaban murhun da ya koma kayan ado, ta fito falo, ta leƙa taga, ta sake komawa kicin kamar an kira ta. Maƙwabta ne suka saka mata wannan suna, don ƙuruciyarta duk a ofis ta ƙare tana buga takardu. Yanzu kuwa ko ruwan shayi sai ta jira 'yarta ta aiko da shi a fulas.

Abin da ya jawo haka bai da tsawo. Wata rana da hantsi ta sauke shinkafa, ta murɗa makunnin murhu, ta duba ba ta ga wuta ba, ta ajiye tawul a kai ta tafi wanka. Ashe wutar tana nan, 'yar siririya, shuɗiya. Maƙwabciyarta ce ta hango hayaƙi ta taga, ta tara mutane. Kafin la'asar babbar 'yarta ta iso, wadda tun tana ƙarama ake ce mata Manaja saboda son shirya wa kowa rayuwarsa. Manaja ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ta sa aka fitar da tukunyar gas, ta zauna ta yi bayani dalla-dalla: akwai ɗaki a gidanta, an ma yi masa fenti. Amma tunda Mama ta kafe ba za ta bar gidanta ba, za a sayi na'urar ɗumama abinci, ita kuma ta riƙa kawo dafaffe ana sawa a firiji. Sharaɗin ɗaya ne. Ranar da za su je kanti, Mama ta kunna na'urar da hannunta a gabanta. In ta kasa, daga kantin sai ɗaki mai sabon fenti.

Da zarar mutum ya yi furfura, duk abin da ya same shi suna ɗaya ake ba shi, wai mantuwa. Ya yi tuntuɓe, mantuwa. Ya ƙi gaishe da wanda ba ya so, mantuwa. Babu wanda ya tambayi Mai Tafireta ko me ya faru a gaban murhun, kowa ya riga ya sani. Ita kuwa ba ta manta komai ba. Wutar ce ba ta gani ba. An daɗe da idonta ya fara yin kamar an shafa wa tabarau mai, manyan abubuwa tana gani, ƙanana da masu dishi-dishi sun ɓace mata. Ta yi shiru ne don ta yi lissafinta: zargin mantuwa tana iya ƙaryata shi, tunda ƙarya ne. Ido kuwa in ta furta, da bakinta ta miƙa wa Manaja hujja.

Da ta ji sunan kantin da irin na'urar da Manaja ta zaɓa, baƙa mai fuskar gilashi, sai ta yafa mayafi ta shiga motar haya ba tare da ta gaya wa kowa ba.

A ƙofa maƙwabciyar ta tare ta, ta ce ta ji za a saya mata abin nan, to ta yi hattara, yana kashe amfanin abinci, har ciwon daji yana sawa. Mai Tafireta ta tambaye ta wa ta sani da ya kamu. Ta ce an ce. Mai Tafireta ta ce wannan An ɗin ya daɗe yana magana, har yau ba ta taɓa ganin ya sa hannu a takarda ba, ta wuce.

Kantin sanyi ƙalau, firiji a jere kamar masu jiran likita, talabijin birjik a bango duk fuska ɗaya suke nunawa. Mai jiran sashen kicin wani magidanci ne mai tumbi da katin aiki a wuya. Ya kai ta gaban na'urar yana ta zuba, wai yanzu duniya ta bar maɓalli, taɓawa kawai ake yi. Ta sunkuya ta duba. Baƙin gilashi ne sumul, sai wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan toka da ta san rubutu ne, amma ko harafi ɗaya ba ta iya rabewa ba. Ta shafa da yatsa, babu tudu babu rami. Ita da ta yi shekaru tana buga takarda idonta na kan taga, yatsunta ne ke gani, ga shi an kawo mata abin da yatsa ba shi da abin kamawa.

Ta ce ya nuna mata yadda ake yi, a hankali. Hannunsa babba ne, wannan kam tana gani. Ya taɓa sama, na'urar ta yi ƙara. Ya taɓa tsakiya, ya taɓa ƙasa ta dama, fitila ta kama, faranti ya fara juyawa. Ta ce ya sake. Sannan ta ɗora ɗan ƙaramin yatsanta a gefen gilashin, inda ya haɗu da ƙarfe, ta auna da faɗin yatsu, ta danna.

“Hajiya, ba ƙusa ba ce,” in ji shi. “Shafa kawai.”

Washegari ta dawo. Jibi ma haka. A gida ba ta iya zama, ƙofar kabad ta zama gilashi, tiren shayi ya zama gilashi, ko tana kishingiɗe yatsunta na tafiya a kan cinyarta: sama, tsakiya, ƙasa ta dama. Wani lokaci sai ta zabura, in aka sayar da ta gwajin fa? In aka matsar da ita wani kanta mai tsawo? Ta sake yafa mayafi.

“Hajiya, saye kike zuwa yi ko shan sanyi?” in ji mai tumbin.

“In na saya, wa zai riƙa taya ka hira? Kai da firiji?”

Ya yi dariya har katin wuyansa na rawa, ya jona mata wuta ya ba ta wuri.

Ranar da aka sa, Manaja ta zo da mota. Tun daga gida take maganar ɗakin, ba da mugun nufi ba, wai labulen da ta sa masa irin wanda Mama ke so ne, kuma yara sun ƙosa kakarsu ta zo. Mai Tafireta ta ce yaran nan wayarsu suka ƙosa da ita, ba kaka ba. Hannayenta na cikin mayafi suna bita.

Mai tumbi na hango su ya washe baki zai yi magana. Ta riga shi, ta gaishe shi gaisuwar baƙuwa, ta tambaya ko nan ne ake sayar da abin ɗumama abinci. Ya dube ta, ya dubi Manaja, ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ce nan ne. Manaja ta sa aka kawo kofin ruwa, ta harɗe hannu ta koma gefe.

Mai Tafireta ta buɗe, ta sa kofin, ta rufe. Ɗan yatsa a gefe. Sama, tsakiya, ƙasa ta dama. Fitila ta kama, kofin ya fara zagaye.

Manaja ta sauke wani dogon numfashi, ta yi dariya irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, ta dafa kafaɗar uwarta. Kunya ce ta kama ta, kuma ita kunyarta da sayayya take fita. Ta ce tunda Mama ta iya haka tashi ɗaya, ai wannan ta yi ƙanƙanta, a ba su babbar da ke kusa da ita, mai gasa nama, Mama ta cancanci wadda ta fi. Mai tumbi ya buɗe baki, sannan ya tuna shi mai sayarwa ne, ya ce kamfani ɗaya ne ai. Mai Tafireta ta ce ƙaramar ta ishe ta, ita kaɗai ce, me za ta gasa? Manaja ta ce kullum haka take, ba ta son a yi mata abu. Aka matsar da kofin.

“Iri ɗaya ne, Mama. Taɓa ki gani.”

Ta kai ɗan yatsa gefe, gefen ba ya inda ta san shi. Gilashin wannan a kwance yake ta ƙasa, dogo. Ta shafa inda ta zata, na'urar ta yi ƙarar ƙi. Ta shafa wani wurin, wata fanka ta tashi a ciki, fitila ba ta kama ba. Ta sake, ta danna da ƙarfi irin na da. Ba ta iya ganin fuskar 'yarta sosai, amma shirun ta ji.

“Ba komai, Mama,” Manaja ta ce, da murya mai laushi irin wadda ake yi wa majinyaci. “Yanzun nan fa kika yi. Kin tuna? Yi a hankali.”

Muryar nan ce ta yanke mata shawara. Ta janye hannunta ta goge a mayafi.

“Ke, daina min magana kamar jaririya. Ban manta ba. Ba na gani ne.”

Ta faɗa mata sauran a tsaye, ba ta rage ba: rubutun wannan ba ta gani, na ƙaramar ma ba ta taɓa gani ba, haddace wuraren ta yi, wutar murhun ma ganinta ne ba ta yi ba. Manaja ta juya wajen mai tumbi. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya Hajiya ta kwana biyu tana zuwa, har ya fara tunanin sa ta a jerin ma'aikata.

Manaja ta zauna a kan wani kwali. Ta ce ita da ta gama karance-karance kan ciwon mantuwa, ta shiga banɗakin ofis ta yi kuka, tana ta shirin ranar da uwarta za ta dube ta ta tambaye ta ko wace ce.

“Ashe ido ne kawai.”

“Kawai? Naki ne?”

“Ido ana dubawa, Mama. Ana yin aiki. Me ya hana ki faɗa?”

“Fenti. Kin riga kin yi fenti.”

Manaja ta tashi daga kan kwalin. Ta goge fuska, ta tambayi mai tumbi ko akwai wadda hannu ke iya ganewa. Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo wata fara daga kantar ƙasa yana hure mata ƙura, ya ce wannan tsohon yayi ce, 'yan makaranta ke saye. Abin murɗawa biyu ne gare ta, manya, kowanne da tudu a tsakiya. Mai Tafireta ta kama ɗaya, ta ji yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin yatsunta. Aka jona wuta, ta sa kofin a ciki, ta murɗa, ta saki, ta tsaya. Da lokaci ya cika aka ji ƙararrawa, ta buɗe ta ciro kofin, ta miƙa wa Manaja ta ce ta taɓa ta ji.

Aka sa kwalin a kujerar baya. Manaja ta ce cikin makon nan za su ga likitan ido, ba shawara take nema ba, kuma gas ba zai dawo ba sai likita ya yi magana. Mai Tafireta ta ce ta ji. Maganar ɗaki babu wadda ta tayar, ita kuwa ba ta yarda ta tambaya ba. Ta riƙe madaurin kujera tana sauraron titi.

A babbar mahaɗa, hagu gidan Manaja, dama nata, motar ta tsaya. Aka ba da hannu, ba ta motsa ba. Na baya suka fara danna ham. Mai Tafireta ta ji 'yarta ta ja numfashi, ta ji sigina ta fara bugawa, ba ta iya ganin ko ta wane gefe ce. Sai da motar ta karkata, kafaɗarta ta jingina wajen Manaja, sannan ta san dama aka yi.

“Bi a hankali,” ta ce. “Farantin ciki na gilashi ne.”