Fentin Bango a Jikin Bas

"Fentin bango nake so," in ji Direba. "Irin wanda ake kwaɓawa da ruwa."

Mai Fenti ya ɗago kai daga gwangwanin da yake motsawa, ya dubi bas ɗin, ya dubi mai ita. "A jikin mota? Lafiyarka kuwa?"

"Rage murya, don Allah."

A bayan gareji suke, inda ake jibge tsofaffin tayoyi. A gefen bas ɗin, daga ƙofar fasinja har fitilar baya, hoton Ɗan Takara ne yana murmushi, ya ɗaga yatsu biyu. Jam'iyya ce ta ba Direba motar bisa sharaɗi guda: hoton ya zauna har ranar zaɓe, daga nan mota ta zama tasa. In ya goge, su karɓe abarsu. To, ranar zaɓen ce ta ƙi zuwa. Sojoji suka karɓi mulki, suka ce a ba su ɗan lokaci su gyara gida. Aka ɗaga zaɓe, aka sake ɗagawa, aka kulle Ɗan Takara inda ba wanda ya sani. Jiya kuma rediyo ta ce duk wanda aka gani da alamar jam'iyya, a riga ko a bango ko a mota, ya kuka da kansa.

"Ka gane," in ji Direba, "in na sa fentin mota, hoto ya tafi ke nan. Gobe a ce an dawo da zaɓe, 'yan jam'iyya su zo, me zan ce musu? Amma wannan, bokitin ruwa da tsumma, mutuminsu ya dawo."

"Wato ba ka so ka ɓata da soja, ba ka so ka ɓata da jam'iyya. In ruwan sama ya sauko fa?"

"Wane ruwa? Damina ta yi sallama tuni."

Suka shirya a kan cewa Mai Fenti da iyalinsa za su riƙa shiga motar kyauta har abin da hali ya yi. Kafin rana ta yi zafi, Ɗan Takara ya ɓace a ƙarƙashin farin fenti.

Direba ya biya ta shagon surukinsa a bakin babban titi. Tsohon tela ne, ido ya fara rauni, amma kunne na nan a jikin rediyo. Katin zaɓensa a cikin hula yake ajiye shi, wai kada ranar ta zo ba shiri. Direba ya durƙusa ya gaishe shi. Tsoho ya daɗe yana kallon farin gefen motar.

"Kai ma ka rufe masa fuska?"

"Na ɗan lokaci ne, Baba."

"Su ma haka suka ce."

Daga nan ya ɗebi fasinjoji. A shingen sojoji na bakin gada layi ya yi tsawo. Ba mai danna ham, ba mai leƙo kai. A gefen titi wani mai tasi na tsallen kwaɗo, jini na bin kunnensa, saboda wata 'yar takardar jam'iyya da ya manta a gilashin baya. Jaririn da ke kujerar baya ma uwarsa ta toshe masa baki da nono. Direba ya share tafin hannunsa a wando. Sai a lokacin ya lura iska ta sauya, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Aka buga ƙofarsa da gindin bindiga. Wani Saje ne, gajere, mai jan ido.

"Kowa ya sauka. Motarmu ta mutu, za ka kai mu bariki."

"Ranka ya daɗe, birkina ba shi da..."

"Na tambaye ka?"

Fasinjoji suka watse ba wanda ya waiwaya. Sojoji suka cika kujeru, bindigogi tsakanin gwiwoyi, Saje ya zauna a gaba kusa da shi. Direba na murza makulli, ɗigo na farko ya faɗo a gilashi.

Kafin su sauka daga gada ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Bariki kuwa na can ɗaya gefen gari, sai an ratsa kasuwa. Direba ya saci kallon madubin gefe. Farin ruwa ne ke tsiyaya daga jikin motar yana bin kwalta. A gaban wani kantin magani mai faffaɗan gilashi ya ga motarsa tana wucewa, ido ɗaya na leƙowa daga cikin farin. A kanti na gaba, ido biyu ne da rabin murmushi.

"Me kake kallo?" in ji Saje.

"Ramuka, ranka ya daɗe."

Mutanen da suka fake a rumfuna su ne suka fara gani. Ga fuskar mutumin da aka hana ambaton sunansa, fes, ruwa ya wanke ta, ga kuma sojoji cike da motar ba mai ɓoye kansa. Wata mai sayar da tumatir ta dafe ƙirji. Wani ya yi ihu, "An sake shi! Sojoji sun juya!" Sai ga mutane suna fitowa cikin ruwa, suna tafi, suna bin motar da gudu, suna ɗaga yatsu biyu.

Wani ƙaramin soja a baya ya yi dariya, ya ɗaga musu hannu. "Ashe suna son mu, Saje!"

Direba ya hango shagon surukinsa a gaba. Addu'arsa ɗaya, Allah ya sa tsoho yana ciki. Amma yana bakin shago, babu ko takalmi. Ya gane motar, ya gane fuskar. Ya cire hula ya zaro katin, ya ɗaga sama yana rawa a cikin taɓo kamar yaro, yana kiran sunan Ɗan Takara da iyakar muryarsa. Saje ya juya ya ƙura masa ido har suka wuce.

Hasumiyar ƙofar bariki ta bayyana daga nesa, da babbar bindiga a kanta. Direba ya san in motar nan ta isa ƙofar a haka, ba wanda zai tsaya tambaya. Ya taka birki a jikin wata doguwar katanga.

"Ranka ya daɗe, ka sauko kai kaɗai. Akwai abin da za ka gani. Bayan nan ka yi yadda ka so da ni."

Saje ya sauka da bindiga a hannu. Ya tsaya a cikin ruwan, fuska da fuska da Ɗan Takara. Direba ya durƙusa a taɓo, ya rufe ido, yana jiran ƙara. Shiru. Da ya buɗe, ya ga Saje ya ƙura wa hoton ido. Mutumin lissafi yake: shi ne babba a motar, shi ya zauna a gaba, yaronsa ya ɗaga hannu, rabin gari ya gani. A wannan zamani an ɗaure manyansa a jikin ganga an harbe su a kan abin da bai kai haka ba.

Ya daka tsawa, "Kowa ƙasa! Ido a gaba! Gudu har bariki!" Suka diro suka zuba a guje, ba wanda ya juya. Sannan ya sunkuyo, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ban taɓa shiga motarka ba. In na ji maganar nan a bakin kowa, ni zan zo da kaina."

Da hannu biyu Direba ya riƙa kwasar taɓo yana shafe fuskar, yana haki, har murmushin ya ɓace.

Da la'asar rediyo ta ce wasu ɓata gari sun yaɗa jita-jita a kasuwa, kuma jami'ai sun yi maganinsu. Direba ya isa shagon a ƙafa. Ƙofa a buɗe, riga na maƙale a ƙarƙashin allurar keke, hular tsoho a cikin kwata. Maƙwabcin shago ya ce, ba tare da ya dube shi ba, wani gajeren Saje ne ya jagoranci kamen, kuma da wannan shagon ya fara.

Haka cinikin ya tashi. Mai Fenti ya samu kujera kyauta shi da iyalinsa. Saje ya tsira da wuyansa, har aka ƙara masa igiya. Jam'iyya ba ta rasa hotonta ba, yana nan a ƙarƙashin taɓo. Direba ma motarsa na hannunsa. Wanda ya yi asara shi ne mutum ɗaya da bai san da cinikin ba. Direba ya tsame hular, ya matse ta, ya nufi gida inda 'yar tsohon ke jiransa da abinci.