Sabon Huji a Bel ɗin Baba

Tambayoyi huɗu ne kacal a takardar da malama ta raba wa ɗaliban likitanci, kafin ta tura su gida-gida neman masu tarin fuka. Ɗalibar ta haddace su tsaf.

A gida na bakwai, matar wani tela ta ba ta kujera. Telan na ɗaki, ana jiyo tarinsa ta bayan labule.

"Mama, tun yaushe yake wannan tarin?"

"Ya kai wata biyu, 'yata. Wai ƙurar yadi ce."

"Yana zufa cikin barci?"

"Sharkaf! Kullum sai na shanya zanin gado."

"Ya rame?"

Matar ta yi dariya. "Ai kamar a hure shi ya faɗi. Shekaranjiya ma da ƙusa ya ƙara huji a bel ɗinsa."

Nan take ɗalibar ta tuna. Makon jiya ita ta riƙe wa babanta bel yana huda shi da ƙusa, har tana tsokanarsa wai ya koma saurayi. Tarinsa kuwa, ita da bakinta ta ce mura ce, ta sayo masa maganin tari na kwalba.

"Saura ɗaya, Mama," ta ce. "Akwai ƙaramin yaro da ke raɓarsa?"

"A'a, namu duk sun girma. Lafiya kuwa, likita? Ji yadda kike zufa."

Hankalin ɗalibar ya riga ya koma gida. Jaririyar yayarta, 'yar wata huɗu, ba ta yarda ta yi barci sai a ƙirjin Baba.