Sunan da Shitu Ya Sa Mata

"Kirezi!" direban motar goro ya daka wa wani yaro mai babur ɗin mobilet tsawa. Saura ƙiris yaron ya shige ƙarƙashin taya a bakin Zangon Wagadugu.

Indabo tana cikin warware wa wata mata turmin atamfa, sai hannunta ya tsaya. Tun rasuwar mijinta Shitu ba ta sake jin kalmar nan a bakin kowa ba. Shi ma direba ne, Wagadugu zuwa Kumasi, daga Kumasin ya zo da kalmar tun suna ango da amarya. In ya dawo ya tarar da ita a ƙofar gida tana jiransa cikin ruwan sama, sai ya girgiza kai ya ce, "Kirezi tawa." Ba ta taɓa tambaya ba. Ta ɗauka sunan wani fure ne na ƙasar Gana.

Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta tsallaka titi.

"Sannu da hanya, ɗana. Me ka kira yaron can?"

Direban, wani ƙato mai Hausar Kumasi, ya sauko yana share gumi. "Yi haƙuri, Maman, raina ne ya ɓaci. Turancin Gana ne. Mahaukaci ke nan."

"Mahaukaci? Mai yawo a bola?"

"Shi fa."

Ta dafa motar. Gidansu na unguwar Kuluba tuni katafila ta share shi, hoton Shitu guda ɗaya ya ɓace a kwasar kaya. Sunan nan ne ya rage mata, ga shi an ce zagi ne. Ashe duk zaman nan dariya yake yi mata?

"Wani ne ya faɗa miki?" direban ya tambaya.

"Maigidana. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa." Ya sosa ƙeya. "Ai kalmar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, Maman. Ana faɗa wa mai taɓin hankali, ana faɗa wa mai ganganci irin wancan. Wanda so ya kama har ya rasa inda zai sa kansa, shi ma haka ake ce masa. Sai an ji bakin mai faɗa. Shi yaya yake faɗinta?"

Indabo ta waiga ko wani yana kallo. Ta gyara mayafi, ta sassauta murya, ta ja ƙarshen kalmar yadda Shitu ke ja, har da 'yar dariyar nan tasa ta cikin maƙoshi. Sai ta ji shi sak, kamar yana tsaye a bayanta.

Direban ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi kamar wanda ya leƙa ɗakin surukai.

"Maman," ya ce a hankali, "wannan ba irin tawa ba ce."

Motoci suna ta hon a bayansa. Ta ja gefe ta ba shi hanya, ta tsaya nan bakin titi, leɓɓanta suna maimaita sunan.