Ƙasar Dakalin Sama

Ruwan da aka yi ta tafkawa a farkon Afrilu ya ɗauke ranar Laraba, ya bar wa Ersilia abin kuka. Gonar inabin hawa-hawa take a jikin dutse, dakali bisa dakali, kuma katangar dakalinta na can ƙololuwa ta bi ruwa. Duwatsun da kakanni suka jera ba siminti ba laka sun watse, ƙasar kuma ta gangara ta zauna a dakalin da ke ƙasa. Tsofaffin kurangun da surukinta ya dasa suna tsaye saiwoyinsu a waje, kamar haƙoran da dasashi ya janye.

Rana ba ta wasa da wannan gefen na kwarin Valtellina. Dutse ya sha zafi ya mayar, shi ya sa giyarsu take fita ja mai kauri, shi ya sa kuma saiwar da ta kai Lahadi a buɗe ta gama yawo. Daga kurangun nan marigayi mijinta Primo yake tsinkar inabin da ake shanyawa a bene har sanyi ya shigo, a matse giyar da ba a buɗewa sai ranar baftisma ko ɗaurin aure. Ga shi ta haura saba'in, gwiwa ta ƙi, ɗanta kuma yana aiki a Suwizalan, sai alkawari a waya.

Ƙa'ida kowa ya san ta: ƙasar da ta gangara, mai ita ke bin ta da kwandon goyo ya mayar sama. Abin haushin, dakalin da ƙasar ta sauka na Tarcisio ne, ƙanin Primo, wanda tun ranar rabon gado yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a mashaya cewa an cuce shi, saman nan nasa ne. Tun jana'izar Primo ba su yi wata doguwar magana ba, ita ma abin bai taɓa hana ta barci ba.

Da safe ta goya kwando ta kama shebur, ta dinga hawa matakalar dutsen tana hutawa. Tana isa ta tarar Tarcisio ya riga ta, kwando cike a baya, yana haki.

"Matar yaya, sai yanzu? Na zaci kin mutu ba a gaya min ba."

"Da na mutu ai kai za ka fara ji, ka zo auna gona. Me kake yi da ƙasata?"

"Ƙasarki ce ta zo ta kwanta kan inabina ba ko sallama. Korar ta nake yi."

"To sauke, ni zan kwashe abata."

"Da wace gwiwar? Ki kai Kirsimeti kina kwasa, nawa su ruɓe? Je ki riƙe min kurangar can ta miƙe, in zuba."

Ta je ta riƙe. Haka suka wuni. Shi ya sauka ya hau, ya tsaya ya jera duwatsu yana zagin duk wanda bai zauna daidai ba, ita tana tallafe da kuranga tana cusa ƙasa tsakanin saiwoyi da yatsunta. Da rana ta kwance ƙullin polenta, tuwonsu na masara, da cuku. Ya ce gishiri ya yi yawa, ya cinye tas.

Ranar Juma'a da yamma shebur ɗinsa ya fara karo da dutse. Ashe rabin ƙasar ruwa ya ja ta cikin kwazazzabo, ta tafi kogin Adda, ga layin ƙarshe na kurangun har yanzu tsirara. Ersilia ta daɗe tana kallonsu. Su ne mafiya tsufa, kaurinsu ya kai damtsen mutum.

"Bari haka, Tarcisio. Waɗannan kam sun tafi."

Ya saɓa shebur ya gangara abinsa, ta ce a ranta halin dai yana nan.

Washegari ta hau da jiƙaƙƙun buhuna, ko za su ƙara musu kwana ɗaya. Ta tarar babu saiwa ko guda a waje. An rufe layin har wuya, an daddanna da tafin hannu. Ta durƙusa da ƙyar ta damƙi ƙasar. Tata toka-toka ce, mai yashi. Wannan baƙa ce, mai laushi, tana manne wa hannu.

Baƙar ƙasa wuri ɗaya take a duk gangaren nan, wato ɗan filin bayan rumfar Tarcisio, ƙasar da mahaifiyarsu shi da Primo ta yi ta goyowa daga bakin kogi tun tana amarya. Ita ce kaɗai abin da bai taɓa cewa an cuce shi a kai ba. Mutum ne da ke kakkaɓe takalminsa a bakin filin kafin ya fita, don kada ya tafi da ko ƙwaya. Ersilia ta leƙa ta kan katanga. Filin ya koma farin dutse, shi kuma yana zaune a gefe ya dafe ƙugu.

"Tarcisio, wannan ba ƙasata ba ce."

"Idonki ne ya lalace."

"Ta Mama ce. Me za ka shuka a kan dutse?"

Ya murza hularsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni na riƙe wa Baba kurangun nan ranar da ya dasa. Ban kai tsawon shebur ba."

Godiya ta cika mata ƙirji har ta rasa inda za ta sa ta. Ta zauna a wurin, ƙasar na hannunta, ta bar hawaye suka zubo ba ta ko share ba.

"Na gode, ƙanena," ta ce.

"Tashi daga nan," in ji shi. "Kin zauna musu a kan saiwa."